Hutunmu a Zariya da Kano da Daura

Idan aka rufe makaranta don hutun Kirsimeti, yawancin gidajenmu hanya ɗaya suka sani, watau hanyar ƙauye. A je a gai da kakanni, a ci tuwon sabon hatsi, a dawo da buhun masara a bayan mota. Wannan abu ne mai kyau, ba mu kuwa ce a daina ba. Amma akwai wata tafiya wadda ba mu cika yi wa 'ya'yanmu ba. Ku duba, ya ku masu karatu: da Hausa yaranmu suke addu'a, da Hausa suke waƙa ran Lahadi, da ita suke ciniki, da ita kuma suke faɗa da juna a tsakar gida. Duk da haka da yawa daga cikinsu ba su taɓa sa ƙafa a tsofaffin biranen da harshen nan ya girma a cikinsu ba. Abin da suka sani game da Kano shi ne abin da manya suke faɗa lokacin tashin hankali. A nan Jos, tun rikicin 2001 unguwanni suka rarrabu, har an sami yara waɗanda suka kai aji shida ba su taɓa zama benci ɗaya da ɗan wani addini ba.

Saboda haka muka yi shawara da uwargida mu kai namu uku su gani da idonsu. Babban yana da shekara 15, mai bi masa mace ce mai shekara 12, sai auta ɗan shekara 7. Albashin malamin makaranta kun san shi, don haka shekara guda muka yi muna zuba adashi. 'Yan'uwa ba su ji daɗin shirin ba. Wata gwaggon yaran ta zo har gida ta ce, "Malam, duk faɗin duniyar nan ba ka ga wurin kai yara ba sai can?" Ba mu raina maganarta ba, gama hanyoyin Arewa ba kamar dā suke ba. Muka kafa wa kanmu dokoki: ba tafiyar dare, ba kwana sai gidan wanda muka sani, kowace hanya kuma sai mun tambayi direbobi a tasha kwana ɗaya kafin mu bi ta.

Ran Alhamis da sassafe muka bar Jos cikin sanyin hunturu. Muka gangara ta Jingir, muka wuce Saminaka da Pambeguwa da Soba. Duwatsu suka yi ta raguwa, ƙasa ta miƙe, rumbuna da itatuwan kuka suka yawaita. Bayan azahar kaɗan muka shiga Zariya.

Da gangan muka zaɓi Alhamis. Tsohuwar al'ada ce a fadojin ƙasar Hausa makaɗan sarki su taru a ƙofar fada da yammacin Alhamis su yi kiɗan daren Juma'a. Mai masaukinmu, wani abokin karatunmu tun kwalejin horon malamai, ya kai mu cikin birni bayan la'asar, muka sami gefe muka tsaya tare da jama'a. Ba wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne. Wani dattijo ma matsawa ya yi don auta ya sami wurin gani.

Kakaki muka fara ji. Ƙaho ne na ƙarfe, dogo, ya fi mutum tsayi nesa, mai busa yana ɗaga bakinsa sama. Muryarsa ba ta da lanƙwasa da yawa, amma idan ta tashi sai ka ji ta a ƙirjinka. Auta ya toshe kunne ya ɓuya a bayan uwarsa, jim kaɗan kuma ya leƙo. Ba a busa wa talaka kakaki, ba a busa wa attajiri kome dukiyarsa. Na sarki ne kaɗai. Sai algaita ta shigo da siririyar muryarta. 'Yarmu ta lura da abin da mu manya ba mu kula ba. Ta ce, "Baba, mutumin nan ba ya numfashi ne?" Gama kumatunsa sun kumbura kamar ya cika su da goro, busan kuwa bai tsinke ba ko kaɗan. Mai masaukinmu ya bayyana mata cewa mai algaita yana tara iska a kumatu, yana tura ta cikin algaita, a lokacin nan kuma yana shaƙar wata ta hanci. Tun suna yara suke koyo, da kara da ƙwaryar ruwa. A daren nan duka ukun suka gwada da tsinken shan lemo, suka jiƙa wa mutane tabarma.

Abin da muka so su gane shi ne, wannan kiɗa ba don rawa ake yinsa ba. Magana ce. Mai busa yana kiran sunayen sarakunan da suka shuɗe da kirarinsu, wanda ya san abin kuwa yana jinsa kamar yadda kake jin mai wa'azi. Dattijon da ya ba auta wuri yana ta gyaɗa kai yana motsa leɓe. Mu dai ƙara muka ji, shi kuwa kalmomi yake ji.

Kashegari Juma'a ce, birni ya cika da masu zuwa masallaci, sai muka nufi Wusasa, a gindin dutsen Kufena. Yawancin masu karatu sun san sunan, amma ba kowa ya je ba. Likita Mila, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. A 1929 ne mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. A nan Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa da makarantarsa ta fari, daga jama'ar nan kuma Dokta Dikko ya fito, likita na fari ɗan Arewa. Amma abin da ya kama idon yaran shi ne tsohuwar majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki. Da ƙasa aka gina ta, ginin Hausa sosai, da kauri, da bakan gizo a ciki. A waje rana tana ƙuna, a ciki kuwa sanyi kamar randa. Babban ɗanmu ya shafa bango ya ce shi a zatonsa majami'a sai da kwano da bulo. Muka ce masa maginan Zazzau ne suka gina ta, da irin hannun da suka gina fada da masallaci.

Wannan ya kai mu ga zancen Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ɗaure rufin, ba ƙarfe ba siminti. Azara kuwa giginya ce ake tsagawa, gara ba ta cinta. Daga baya an rufe tsohon ginin cikin sabon gini na zamani, don haka daga waje ba a ganinsa. Mu ba mu nemi shiga ba, ranar salla ce. Amma yaran sun riga sun san siffarsa, gama an gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos, inda muke kai 'yan makaranta kowace shekara. Abin kunya ne a ce ɗan Jos bai taɓa zuwa ya gan shi ba, ga shi a ƙofar gida.

Sauran Zariya a gurguje muka gani: ragowar ganuwa, ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello wadda aka buɗe a 1962, da Tudun Wada inda muka ci masa da miyar taushe har uwargida ta nemi mai tuyar ta gaya mata sirrin ƙullinta. Matar ta yi dariya ta ce, "Yaya, sirrin kasko ne, ya girme ki."

Ran Asabar muka kama hanyar Kano. Kafin a shiga birni akan wuce Kura, garin da ya yi suna a dā wajen rinin turkuɗi, baƙin yadi mai walƙiya wanda Buzaye suke naɗawa. Yanzu shinkafa da tumatir ne suka fi yawa a bakin hanya. A Sabon Gari muka sauka, gidan wani ɗan'uwan uwargida wanda ya shekara fiye da 20 yana sayar da kayan mota. Ran Lahadi muka yi sujada tare da su. Yaran suka yi mamakin yawan majami'un da suke unguwar da yawan mutanen da suke cikinsu, Ibo da Yarbawa da mutanen kudancin Kaduna da Hausawa. Ba mu ɓoye musu cewa unguwar nan ta sha wuya a 1991 da 2004 ba. Mai masaukinmu da kansa ya ba su labari, ya kuma gaya musu cewa a tashin hankali na biyun wani maƙwabcin shagonsa Musulmi ne ya ɓoye shi kwana biyu a gidansa. Duka biyun muka so su ji, kuma daga bakin wanda ya gani.

Litinin da sanyin safiya muka hau Dala. Akwai matakala, amma uwargida sai da ta huta sau uku. Daga bisa ana ganin Kano ta shimfiɗu ko'ina har ƙurar hunturu ta haɗiye ta. Ga Goron Dutse can yamma, ga koren rufin babban masallaci, ga Gidan Rumfa. A kan dutsen nan da kewayensa mutanen farko suka zauna suna narkar da tama. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda yake hawa dutsen ya yi wa jama'a tsafin Tsumburbura tun kafin zuwan sarakuna. Ya kuma ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, wajen shekara 900 ke nan. Sai dai abin baƙin ciki, ganuwar tana ƙarewa. Waɗansu wurare ruwa ya cinye, waɗansu an ɗebe ƙasar an yi gini, waɗansu ƙofofin kuma an rushe su don faɗaɗa titi aka sāke su da siminti. Dutsen kansa leda ta yi masa yawa. Ba Kano kaɗai ke da wannan hali ba. Mu ma a Filato haka muke yi wa namu kayan tarihi.

A kan Dala muka sa yaran su rufe ido minti biyu su faɗi abin da suke ji, kamar yadda mukan yi a aji. Suka ji ƙahon A-daidaita-sahu, da carar zakara, da almajirai suna karatu da murya ɗaya a wata makarantar allo a gindin dutse, da mai tallan koko, da guduma a maƙera. Auta ya ce yana jin cikinsa yana kuka. Muka sauka aka saya masa gurasa.

Sunan da baƙo zai yi ta ji a Kano shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina fadar da ake kira da sunansa, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, Tarihin Kano kuma ya ce a zamaninsa aka fara busa kakaki da riƙe figini na gashin jimina. Ashe abin da ya firgita auta a Zariya ya fi shekara 500 ana busa shi. A Gidan Makama, tsohon gidan sarauta da aka mayar gidan tarihi, muka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da sulke, da lifidi, da kayan kiɗa a jere, da hotunan Kano bayan da Turawa suka ci ta a 1903. Akwai hoton dalar gyaɗa. Yaran ba su yarda buhuna ne ba sai da mai yi mana jagora ya nuna musu mutum a gindinta kamar tururuwa. Dalar gyaɗa kam ta zama tarihi, sai a hoto.

Kurmi kuwa lunguna ne ƙunci-ƙunci, kowane da sana'arsa: dukawa da jakunkuna da takalman fata, masu sirdi da linzami, masu ƙwarya, masu tasoshin tagulla, masu kanwa da kayan yaji. Uwargida ta sa mayafi, 'yarmu ma haka, ba don an tilasta musu ba, sai don baƙo yakan bi al'adar masu gida. Mun kuma hana yaran ɗaukar hoton kowa sai sun roƙa. Abin da ya fi kome buɗe mana ƙofa shi ne gaisuwa. Idan yaro ya rusuna ya ce, "Sannu da aiki, Baba," sai ka ga fuska ta sake, an jawo benci. Masu kasuwa suka yi ta tsokanar Hausarmu ta Jos, wai muna ce wa mace "ya zo". Mu ma muka rama da tasu.

A bayan kasuwa, wajen mahauta, muka gamu da wanda yaran har yau suke zancensa. Tsoho ne mai farin gemu, zaune a kan turmi da kalangu a hammata. Muka gaisa, muka ba shi goro, muka ce yaran nan 'yan makaranta ne daga Jos, suna son su ga yadda kalangu yake magana. Ya ce, "Malam, ai ka zo gidan. Kalangu na mahauta ne tun asali." A dā, in ji shi, idan an yanka sa mai ƙiba, makaɗi ne yake sanar da gari, mata a cikin gida su ji su aiko yara da kwano. Ya shiga lissafa mana da yatsa: manoma da gangar noma, maƙera da dundufa, maharba da komo, 'yan dambe da kalangu su ma, sarakuna da tambari da kotso da taushi, mata a cikin gida da shantu da ƙwarya. Kowace sana'a da kiɗinta, kowane kiɗi kuma da gidan da ya gāje shi.

Sa'an nan ya juya kalangun ya nuna musu. Icce ne aka fafe, tsakiyarsa siririya, fata a baki biyu, tsarkiya ta haɗa su. Idan ya matse tsarkiya da hammata fata ta ɗaure, murya ta hau. Idan ya saki ta sauka. Ya tambayi auta sunansa, ya kaɗa. Yaron ya yi tsalle ya ce, "Ya kira ni!" Ya kaɗa gaisuwa, wani mahauci daga can nesa ya ɗaga wuƙa ya amsa ba tare da ya waiwayo ba. Dalilin abin kuwa yana cikin harshen kansa. Hausa tana da hawa da saukar murya, mu masu magana ba mu cika lura ba domin ba a rubuta su. Ku faɗi "kuka" na hawaye, ku kuma faɗi "kuka" ta miya, ku saurari bakinku. Haruffa ɗaya ne, murya ce ta raba su. Wannan hawa da sauka, da tsawo da gajartar gaɓa, su kalangu yake bi. Shekara da shekaru muna koyar da Hausa a aji da alli, ba mu taɓa ganin darasin nan ya shiga kan yaro da sauri kamar yadda tsohon nan ya shigar da shi ba.

Muka tambaye shi ko 'ya'yansa suna kiɗa. Ya ce yana da maza huɗu. Ɗaya yana tuƙa A-daidaita-sahu, biyu suna sayar da waya, ƙaramin yakan taɓa kalangu in ya ga dama. Gidan biki yanzu na'ura ake ɗaukowa da manyan lasifikoki, mahauta kuma waya suke bugawa in nama ya samu. Bai faɗa da ɗacin rai ba. Ya ce zamani riga ne. Amma da babban ɗanmu ya roƙi ya gwada, tsohon ya ɗauki kusan sa'a guda yana gyara masa riƙon makaɗi, ya bar wani aikin da aka kira shi.

Ba mu ce kiɗan zamani ba shi da amfani. Ɗan mai masaukinmu ya kai babban ɗanmu wani ɗakin ɗaukar waƙa a hanyar gidan namun daji, inda masu waƙoƙin finafinan Hausa suka yi yawa. Ɗaki ƙarami, saurayi ɗaya da fiyano da kwamfuta, yana fitar da muryar kalangu da ta algaita da yatsa. Yaron ya dawo yana murna, ya ce abin da makaɗa goma suke yi mutum ɗaya ya gama. Ƙanwarsa ta ce, "To, ya iya kiran sunanka da shi?" Gardamar nan ba ta ƙare ba har muka kwanta.

Talata muka je marinar Ƙofar Mata. A bakin ƙofa an rubuta 1498. Ramuka ne da yawa a fili, an shafe bakinsu, zurfinsu ya fi tsayin mutum, amma kaɗan ne suke aiki. Sauran sun bushe, waɗansu shara ta cika su. Wani marini, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu, ya gaya mana abin da ake zubawa: ruwa, da toka, da katsi, da baba. Auta ya fashe da dariya ya ce, "Za a zuba Baba a rami?" Marinin ya ce, "A'a, ɗana, saurara," ya faɗi kalmomin biyu a hankali, baba na rini da baba mahaifi. Darasin jiya ya dawo. Akan bar haɗin ya yi kwanaki yana ruɓa kafin ya kama, warinsa kuwa ba a magana. Abin mamakin shi ne, idan aka tsamo yadi daga rami kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. A tsoma, a ɗaga, a tsoma, a ɗaga. Yawan tsomawa shi ne duhun launi. Zanen da ke jiki kuwa mata ne suke ɗaurewa da zare a cikin gidaje kafin a kawo. Yadin kanti mai araha da rinin kwalba sun kashe musu kasuwa, yawancin masu sayen nasu yanzu baƙi ne.

Kusa da wurin akwai mabuga. Maza suna zaune a jere gaban gungumen icce, kowa da ƙatuwar tabarya gajera, suna bugun shadda don ta yi ƙyalli. Ba makaɗi a wurin, amma bugun yana tafiya bi da bi, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, ba mai shiga na wani. Uwargida ta ce ai wannan luguden mata ne a turmi. Ta ƙara da cewa haka zumuntar mata suke yi da tulu da caki, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Gaskiyarta. Irin bayarwa da amshin da muke ji ran Lahadi shi ne a bakin 'yan amshin Musa Ɗanƙwairo, shi ne kuma a amadar Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013.

Da yamma muka biya Gidan Ɗan Hausa. Malamin makaranta ba zai zo Kano ya wuce shi ba. Gidan ƙasa ne mai zāne a bango, inda Baturen nan Hans Fisha ya zauna, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa saboda iya harshensa. Shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909, da Hausa kuma aka fara koyarwa a cikinta. Yau kuwa akwai makarantun da ake cin yaro tara idan ya yi Hausa a aji.

Hawan Sallah ba mu gani ba, ba lokacinsa ba ne. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, ko da yake a shekarar nan da ta bayanta an hana waɗansu hawan saboda rikicin sarauta. Wanda yake son kai iyali don hawa, sai ya tabbatar tukuna.

Daura yini ɗaya muka ba ta, muka tafi da safe ta Kazaure muka dawo kafin magariba. Direbanmu tun daga tasha ya sa waƙoƙin Mamman Shata, bai canja ba har muka isa. Da yaran suka yi ƙorafi ya ce, "Ku yi haƙuri, gidansa za mu." Shata mutumin Musawa ne, amma a Daura aka binne shi a 1999. Yanzu da kunnensu ya buɗe, sai suka fara rarrabe kalangu da muryar mawaƙi, suna cewa ga shi yana maimaita abin da ya faɗa. Muka tuna musu da namu na gida, Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana waƙar talakawa da masu ƙananan sana'o'i.

Garin ba shi da hayaniyar Kano. Rijiyar Kusugu tana cikin ɗaki yanzu, an kewaye ta, akwai mai tsaro wanda yake ba da labari. Kun san shi: baƙo Bayajida ya sauka da dare gidan wata tsohuwa, ya nemi ruwa, aka ce maciji ba ya bari a ɗiba sai ran Juma'a, ya je ya kashe shi, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai, watau Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Babban ɗanmu ya tambaya a hankali ko gaskiya ne. Muka ce masa masanan tarihi ba su ɗauke shi kamar yadda aka faɗa ba, gama akwai mutane a Dala da Kufena tun kafin lokacin da ake zancen. Amma labarin yana nuna yadda garuruwan nan suka ɗauki junansu 'yan'uwa. Mai tsaron ya jefa guga ya jawo ruwa, ya miƙa wa auta da farko. Yaron ya leƙa cikin gugan sosai kafin ya sha.

Daga Daura iyakar Nijar ba nisa, hanyar tana wucewa har Damagaram. Yaran suka so a ci gaba, amma kuɗin adashi ya kusa ƙarewa. Ran Alhamis muka koma ta Zariya, muka kwana, Juma'a da rana muka iso Jos. Uwargida ta kawo zane biyu na Ƙofar Mata, ɗaya nata, ɗaya na gwaggon da ta hana mu tafiya. 'Yarmu ta kawo jakar fata ta sa littafin waƙoƙinta. Da ragowar kuɗin muka saya wa mazan ƙaramin kalangu a Kurmi, tsohon nan ne ya zaɓa musu da hannunsa. Maƙwabta sun riga sun aiko sau biyu, don haka an kafa doka: ba a taɓa shi sai an dawo daga makaranta, kuma a bayan gida.